Kafin ka cire salansar da ta zo da motarka ta gudu

Duk wanda Allah ya hore wa mota irin su Mustang GT, Supra, M4, GT-R, Corvette ko 911, wallahi abu na farko da yake fara masa ƙaiƙayi a rai shine salansa. Kuma ni ban ga laifinsa ba, don kamfanonin nan suna ƙera inji mai daɗin murya sannan su zo su danne shi da manyan tukwanen salansa saboda dokar ƙara da ta hayaƙi, sai kaga mota mai doki 450 ta wuce ka ko juyowa baka yi ba. To amma fa a nan ne mutane suka fi zubar da kuɗi a banza, mutum ya kalli bidiyon minti ɗaya a YouTube ana taka totur mota na ihu, ya yi oda, a ɗaura masa, bayan ɗan lokaci kaga ya sa ta a kasuwa yana neman mai karɓa ko da faɗuwa ne. Kuma salansar lafiyarta lau fa, kawai dai ya zaɓe ta ne da muryar da take yi a RPM 7,000, wato juyin inji sau 7,000 a minti, alhali shi kusan duk zamansa a motar tsakanin 1,500 da 2,500 yake yinsa. Can ƙasan nan, inda kake tafiya a babban titi a giya ta ƙarshe ƙafarka a ɗan ɗore kan totur, nan ake gane salansa mai kyau da wadda zata fitar maka da motar daga rai.

Da farko ka zauna ka faɗa wa kanka gaskiya, me kake nema. Abu uku ne dai, murya, rage nauyi, ko ƙarin ƙarfi, kuma yawancinmu murya muke so amma sai mu fake da maganar doki. Babu abin kunya a son murya, ai rabin daɗin motar gudu a kunne yake. Amma in ƙarfi kake nema to ka sani canza ɓangaren baya na salansa ɗan abu kaɗan yake ƙarawa, musamman a motocin zamani da kamfani ya riga ya yi musu bututu mai faɗi, abin da zaka samu sau da yawa ko a jikinka bazaka ji ba sai an hau na'urar auna ƙarfin inji da ake cewa daino. Lambar da mai sayarwa ya rubuta a talla kuma ka tambaye shi, a wace mota aka gwada, da saitin kwamfuta ko babu, rana ɗaya aka auna kafin da bayan? In ya fara kame-kame ka bar zancen lambar, ka sayi abin don muryarsa in ta maka.

Daga ina zaka yanka

Hayaƙi yana fita daga inji ya shiga manifol, in motar mai turbo ce ya bi ta turbon ya sauko ta bututun da ake cewa daunfaif, ya ratsa katalis mai tace guba, ya wuce bututun tsakiya inda rezoneta take, wato ƙaramar tukunyar da take tausasa ƙara, sannan tukunyar baya, sannan bakin da kake gani ƙarƙashin bamba. Duk kayan da ake sayarwa sunansu yana gaya maka ne daga ina aka yanko. Aksil-bak daga saitin tayoyin baya ne zuwa waje, tukunya da baki kenan kawai, shi yafi sauƙin ɗaurawa, kuma murya kawai yake canzawa. Kat-bak daga bayan katalis ne har ƙarshe, ya haɗa da bututun tsakiya, shi ne yawancin mutane ya kamata su tsaya a kai don bai taɓa komai na tace hayaƙi ba, baya kunna fitilar cek inji, baya buƙatar a taɓa kwamfutar mota.

Da zarar ka matsa gaba da katalis to wani fage ka shiga daban. A mota mai turbo irin Supra mai injin B58 ko GT-R ko M4, daunfaif ne yake kawo ƙarfi na gaske, saboda turbo yana son hayaƙi ya fice masa da sauri a bayansa, matsi ya ragu ya juya da wuri. A mota marar turbo kuma heda ce, wato manifol mai dogayen bututai da aka daidaita tsawonsu yadda hayaƙin wannan silinda in ya fita zai ja na ɗan'uwansa. Dukansu biyun suna son a sake saita kwamfutar inji, in ba haka ba ka biya kuɗin abu baka ci moriyarsa ba, ga fitila a dashbod. Shawarata ka fara daga baya. Ka sa kat-bak ka zauna da ita na wani lokaci, in har yanzu ranka na son ƙari sai ka matsa gaba, don in ka haɗa heda da kat-bak mai ƙara lokaci guda, muryar da zata fito ta wuce duk abin da ka ji a bidiyon kowanne shi kaɗai, kuma bazaka san wanne ne ya jawo ba.

Wani abu da ba'a cika faɗa ba, salansa bata iya ba inji muryar da ba tashi ba. Injin V8 mai silinda takwas na Mustang GT da na Corvette Stingray karanshaf ɗinsu, wato sandar da fistin suke juyawa a cikin inji, mai giciye ne, shi yasa suke wannan gurnanin mai kauri da tsalle-tsalle. Ferrari 458, Shelby GT350 da Corvette Z06 ta C8 su kuma karanshaf shimfiɗaɗɗe garesu, muryar siririya ce tana hawa sama, Z06 ɗin har RPM 8,600 take kaiwa. Kaga duk V8 ne amma ko wace salansa ka ɗaura wa Mustang GT bazata koma Ferrari ba. Lokacin da Porsche ta fito da 718 Cayman a 2016 da silinda huɗu mai turbo a maimakon shida, mutane sun yi ta ƙorafin murya, kamfanonin salansa sun yi iya yinsu, amma sai da aka dawo da silinda shida mai lita 4.0 a GT4 da GTS sannan masu ƙorafin suka samu abin da suke nema. Turbo shi kansa yana cinye murya tunda hayaƙin sai ya bi ta cikin fankarsa. Don haka in zaka saurari samfur, ka saurara a mota irin taka, inji irin naka, shekara irin taka.

A V8 da sauran masu layi biyu akwai kuma maganar inda bututun hagu da na dama suke haɗuwa. Mahaɗa mai siffar X tana sa murya ta yi santsi ta yi sama, mai siffar H tana barin kaurin nan na tsofaffin motocin Amurka. Bambancin ƙarfi tsakaninsu ba wani abin a zo a gani bane, kunnenka zaka bi.

Ƙugin cikin mota

Yanzu ga babbar maganar. Akwai wani ƙugi mai nauyi da yake cika cikin mota in kana tafiya da gudu ɗaya a babban titi, buuuu ɗin nan da baya ɗagawa baya sauka, kana jinsa a ƙirji da bayan kai, ka kasa jin maganar wanda ke gefenka, ka ƙara sautin rediyo bai taimaka ba, in ka yi awa biyu a haka ka sauka kanka na sarawa. Daga waje babu mai jinsa, shi yasa bidiyo baya nuna shi, makirufon waya ma baya ɗaukar sauti mai ƙasa haka yadda ya kamata, lasifikar waya kuma bata iya fito da shi. Dalilinsa lissafi ne mai sauƙi. V8 yana fashewa sau 4 a kowane juyi ɗaya, a RPM 2,000 kenan sau 8,000 a minti, kusan 133 a daƙiƙa. Mai silinda shida a wannan juyin sau 100 ne. To wannan zangon na wajen 100 zuwa 150 Hz, wato bugu 100 zuwa 150 a daƙiƙa, shi ne daidai inda bututun salansa da ɗakin motar suke amsa wa juna, sautin ya yi ta ninkuwa. Salansar kamfani an ɓata lokaci sosai wajen kashe wannan zangon, kai kuma da ka cire rezoneta da babbar tukunya ka sa miƙaƙƙen bututu, ka buɗe masa ƙofa.

Kamfanonin kirki suna maganinsa ba tare da sun toshe hanyar hayaƙi ba. Wasu suna maƙala wani ɗan rufaffen ɗaki a gefen bututu, ana ce masa rezonetar Helmholtz, da sunan masanin Jamus ɗin nan na ƙarni na 19, kuma aikinsa irin na kwalba ne in ka busa bakinta, girman kwalbar da wuyanta su suke yanke wane sauti zata yi, to nan ma ana auna girman ɗakin ne ya dace da ƙugin don ya shanye shi. Wasu kuma bututu ne mai siffar J da aka toshe ƙarshensa, tsawonsa yakan kai santimita 60 zuwa 90, sauti ya shiga ya bugi bango ya dawo a juye ya soke ɗan'uwansa. Corsa da AWE na Amurka sun yi suna a kan wannan fasahar. Borla kuma tana raba kayanta mataki uku, Touring, S-Type da ATAK, daga mai sauƙi zuwa mai tsananin ƙara, kuma ni dai in motar ta hawan yau da gobe ce na fi ganin mutum ya tsaya a na tsakiya ko ma na farko. Ka tuna desibel, wato ma'aunin ƙara, ba kamar kilo ake lissafinsa ba, ƙarin 10 kawai kunne yana jinsa kamar an ninka ƙarar biyu, don haka in an ce maka wannan ta fi waccan da desibel 6 ko 7 kar ka ce ai kaɗan ne.

In motarka tana kashe rabin silindojinta don tattalin mai, kamar Corvette C7 da C8 Stingray da suke komawa huɗu in ana tafiya a hankali, to ka ƙara kula. Kamfani ya sa wasu bawuloli na musamman a salansar don ɓoye muryar wannan yanayin, in sabuwar da ka saya bata yi tanadinsu ba zaka ji motar tana canza murya tana wani ɓarɓar marar daɗi duk lokacin da ta sauka huɗu, wani lokacin ma kwamfuta ta yi ƙorafi. Ka tambaya kafin ka biya.

Hanyar da tafi ita ce ka samu mai mota irin taka da ya riga ya ɗaura, ka roƙe shi ya ɗauke ka, a rufe gilasai, a kashe rediyo, a hau babban titi a giya ta sama, a ɗan hau tudu da totur kaɗan a wajen RPM 1,800 zuwa 2,200. Minti goma a haka ya fi maka bidiyo ɗari. Sannan ka ji tashinta da sanyin safiya, don motocin zamani suna ɗaga juyi da gangan na ɗan lokaci su ɗumama katalis, kuma a wannan lokacin ne salansa tafi ihu, maƙwabtanka su ma suna da haƙƙi a kanka, akwai mai jinya akwai mai jariri.

Shi yasa ni a wurina salansa mai bawul ta cancanci ƙarin kuɗinta. Bawul a rufe hayaƙi ya bi ta cikin tukunya motar ta yi shiru, a buɗe ya miƙe kai tsaye. Yawancin motocin gudu na yanzu da shi suke zuwa, Ford ma daga 2018 ta sa wa Mustang zaɓin salansa mai bawul har da tsarin tashi shiru da asuba. In taka tana da shi ka nemi wadda zata karɓi ɗan injin bawul ɗin na asali yadda maɓallin cikin mota zai cigaba da aiki, ya fi wadda zata zo da nata rimot daban da wayoyi da za'a yi ta jonawa. Kuma ka sa hannu ka girgiza bawul ɗin tun a kwali, in yana kwarkwar yanzu, in ya ci zafi sai abin da ya ƙaru.

Faɗin bututu da irin ƙarfe

Akwai masu cewa inji yana buƙatar matsin baya, wato salansa ta ɗan riƙe hayaƙi, akwai masu cewa iya faɗin bututu iya ƙarfi, duka biyun sun kauce. Abin da inji marar turbo yake so shine hayaƙi ya yi gudu, don gudun ne yake share silinda ya ba sabuwar iska wuri. In bututu ya yi faɗi da yawa hayaƙin sai ya yi sanyi ya rage gudu, ka rasa jan da motar take yi daga ƙasa, garin neman ƙiba ka samo rama. Kuma kar rabin inci ya ruɗe ka, daga inci 2.5 zuwa inci 3 faɗin cikin ya ƙaru da kusan kashi 44 cikin ɗari ne. In injinka yana nan yadda ya fito, ka tsaya kan faɗin asali ko ka ɗaga mataki ɗaya kawai. Mai turbo ya fi jure faɗi, musamman in an ƙara masa matsin iska. Sannan ka duba lanƙwasa, mai kyau ana lanƙwasa ta ne da sanda a cikin bututun yadda faɗin bazai ragu a kwana ba, in kaga kwanar ta matse ko ta yi tattara to bututun inci 3 ne a suna kawai.

Ƙarfe kuma, wanda aka shafa wa alminiyom ka bar shi, tsatsa zata cinye shi daga wurin walda. Sitenles 409 yana da ƙarfi, da shi kamfanonin mota da yawa suke amfani, amma yana yin jar tsatsa a sama, ba ya dai huje wa da wuri. Sitenles 304 mai kashi 18 na kuromiyom da 8 na nikel shi ne daidai ga yawancin mutane, zai daɗe, kuma ga gwaji mai sauƙi, maganaɗisu yana kama 409 sosai amma 304 da ƙyar yake jansa, sai dai ɗan kaɗan a wurin lanƙwasa. A heda da wurare masu tsananin zafi 321 ya fi jurewa.

Titaniyom shi ne mafarkin kowa, kuma gaskiya yana da abin yabo, nauyinsa giram 4.5 ne a inda sitenles mai girma ɗaya da shi yake kusan 8, wato sama da kashi 40 cikin ɗari ya ragu, ga murya mai kaifi saboda bututun siriri ne, ga launin shuɗi da yake yi in ya sha wuta. A mota irin 911 da salansar take rataye can bayan tayoyin baya, rage kilo a wurin yana da amfani na gaske a kwana. Akrapovič na ƙasar Sulobeniya, wanda ɗan tseren babur Igor Akrapovič ya kafa, da titaniyom suka yi suna a duniya. Amma fa ka sani in ya tsage ba kowane mai walda bane zai taɓa shi, sai mai walda irin ta TIG da iskar argon ciki da waje, in ba haka ba wurin zai yi gautsi ya sake ɓallewa. In motar ba filin tsere take zuwa ba, kuma hanyoyin da kake bi suna da gargada, ni 304 zan ce maka. Ƙarfen Inkonel kuwa, wanda ake yi wa motocin Formula 1 salansa da shi, yana jure zafin da ya wuce na kowa, tsadarsa ma haka, mutum na titi baya buƙatarsa.

Katalis, doka da garanti

Dan Allah ka bar katalis a motarka. Na san bututu miƙaƙƙe ya fi araha ya fi ƙara, amma abin da katalis yake ƙonawa guba ce ta gaske, kabon monoksaid da sauransu, kai da iyalinka da na bayanka a layi ku zaku shaƙa, ga wari da yake kama kaya, ga muryar takan yi kaushi. In kana son hanya ta buɗe akwai katalis na gudu mai ƙofofi 200 ko 300 a kowane murabba'in inci, a maimakon 400 zuwa 600 ko fiye da na kamfani yake da su, HJS na Jamus suna cikin waɗanda aka yarda da nasu. Na banza marar isasshen sinadari a ciki shi ne zai kunna maka fitilar cek inji da lambar matsala P0420 ko P0430, wato sensar baya ta gano ba'a tace hayaƙin yadda ya kamata. Haka kuma saitin nan da ake yi mota tana harbi tas tas in an ɗaga ƙafa, mai ne ake turawa ya ƙone a cikin salansa, yana cin katalis yana gasa turbo, in an yi maka tayi ka ce a barshi ko a rage shi sosai.

Ka duba kuma motarka ta wace kasuwa ce. Motocin fetur da aka yi wa Turai daga wajen 2018 yawancinsu suna da matatar ƙura a salansa, OPF ko GPF, shi yasa M4 ko Supra ta Turai tafi ta Amurka shiru, kuma bututunsu da wurin sensa ba lallai su zo ɗaya ba. Mutane da yawa sun yi odar kaya daidai sunan mota daidai shekara, ya zo ya ƙi shiga saboda wannan. Ka tura wa mai sayarwa lambar shasi ya tabbatar maka a rubuce.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kowa ya binciki ta inda yake. A Amurka dokar tsaftar iska ta hana kowa cire katalis daga motar titi tun gyaran da aka yi mata a 1990, a Kalifoniya kayan da suka shafi hayaƙi sai suna da lambar amincewa ta CARB, hukumar kula da tsaftar iska ta jihar, ƙara kuma iyakarta desibel 95. A Turai ana neman tambarin E a jikin salansar, a Jamus in babu takarda sai ka je wurin masu gwajin mota na TÜV sun duba, a Ingila motar da aka cire wa katalis bata cin gwajin lafiyar mota da ake cewa MOT. In kaga an rubuta "na filin tsere kawai" a jikin kaya, ma'anarsa baya da izinin hawa titi kenan. Kuma filin tseren ma ba sakaka yake ba, filin Laguna Seca na Kalifoniya yana da ranakun da iyaka desibel 90 ne, wasu motocin ko da salansar kamfani suna haurawa a ɗaga musu tuta su fita.

Garanti kuwa, kat-bak da wuya ta jawo maka matsala, a Amurka ma dokar Magnuson-Moss ta 1975 bata yarda a soke maka garanti don kawai ka sa kayan wani kamfani ba, sai in kayan ne suka jawo lalacewar. Amma daunfaif da saitin kwamfuta labarinsu daban, dila yana iya ganin an taɓa kwamfutar ko da ka mayar da ita yadda take, in inji ko turbo ya samu matsala zai yi wuya su ɗauka. Masu inshora ma ka sanar da su.

Sunayen da suka daɗe a harkar akwai su, Milltek na Ingila, Remus na Ostiriya, Capristo da Eisenmann na Jamus, Tubi da Supersprint na Italiya, HKS da Tomei na Japan, MagnaFlow da waɗanda na ambata na Amurka. Kowa da motar da ya fi ƙwarewa a kai, wanda ya iya Ferrari ba lallai ya iya Mustang ba. Jabu kuma sun cika intanet, musamman na Akrapovič, a manna tambari a bakin salansa shikenan. Araha bata ado, ka saya wurin dilan da kamfanin ya lissafa a shafinsa, ka duba lambar siriyal, ka kalli walda, mai kyau a jere take lafiya lau babu ƙuraje babu huji, farantin mahaɗa kuma ya zama mai kauri don siriri yana lanƙwashewa da zafi ya fara yoyo.

Ranar ɗaurawa a bar motar ta huce tukuna, a fesa wa tsofaffin notuna man kwance tsatsa tun da wuri, a sa sabon gasket kar a maimaita tsoho, robobin rataya in sun saki a canza su. A jera komai a sassauce daga gaba zuwa baya, a daidaita bakunan su zauna tsakiyar ramin bamba, sannan a bi a ɗaure daga gaba. Ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi, bakin yakan ɗan turo waje, don haka a bar tazarar yatsa tsakanin bututu da bamba, da tiyon birki, da tankin mai, kuma duk farantin kare zafi da aka cire a mayar da shi, musamman a mota mai inji a tsakiya ko a baya inda zafin bashi da wurin gudu. In titaniyom ne ko sitenles mai sheƙi a goge shi tas da sifirit kafin a tada mota, in ba haka ba shatin yatsun makaniki zai ƙone a jiki ya zauna har abada. A tada ta a bi mahaɗai ana saurare, in akwai tsit tsit ko baƙin toka a gefen mahaɗa to yoyo ne, kuma yoyo a ƙarƙashin mota ba abin wasa bane don hayaƙin yana iya shigowa ciki, kar kuma a bar ta tana aiki a rufaffen gareji.

Bayan ka yi tafiya ta yi zafi ta huce sau da dama, ka koma a sake bin notuna da kilam don suna sassautawa. Muryar ma zata ɗan ƙara buɗewa bayan wasu ɗaruruwan kilomita in audugar cikin tukunya ta zauna, saboda haka wadda ka ji ta maka ɗan shiru ranar farko ka bata lokaci, wadda kuma ta maka yawa tun ranar farko to ka fara maganar ƙara mata rezoneta tun yanzu. Tsohuwar salansar kar ka sayar kar ka bari a yanka ta gunduwa-gunduwa in akwai yadda za'a fitar da ita lafiya, ka haɗa ta da notunanta da ɗan injin bawul in ba'a yi amfani da shi ba ka ajiye a busasshen wuri, zaka neme ta ranar gwajin mota ko ranar da mai saye ya ce shi yadda ta fito daga kamfani yake son ta.